Ɗigon Ƙarshe: Gwanintar Ɗalibin Sinadarai a Shekarar Kammala Digiri

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gishiri ko mai kanwa a Kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui ya san cewa a kan ma'auni ciniki yake ƙarewa. A yi ta taya, a yi ta albarka, amma da an sallama, ido sai ya koma kan sikeli. Unguwar ta samo sunanta ne daga nisanta da tsakiyar gari, kilomita biyar, kuma nan ce babbar cibiyar cinikin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi suka daɗe suna kasuwanci a kewayen babban masallacin Juma'a. Ƙasar ba ta da teku, saboda haka yawancin kayan masarufi daga tashar Duwala ta Kamaru ake ɗauko su a manyan motoci, su keto ta Garuwa-Bulai. Tsohon ɗan kasuwa a nan yana da nasa ilmin gwaji. Zai murza gishiri a yatsa ya gane ko ya sha danshi a hanya, ya lashi zuma ya gane ko an yi mata algus, ya ɗaga man ja a rana ya faɗi ko an surka shi.

Akwai abu guda a cikin gishirin nan da harshensa da idonsa ba za su taɓa gano masa ba, wato sinadarin aidin. A buhu mai kilo 50 na gishiri mai kyau, aidin ɗin da ke ciki bai wuce kimanin giram ɗaya da rabi ba, ko rabin ƙaramin cokalin shayi bai cika ba. Rashin wannan ɗan ƙwarya-ƙwaryan abu shi ne yake kawo maƙoƙo, shi ne kuma yake tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Gishirin da ke da shi da wanda ya rasa shi kamanninsu ɗaya, ɗanɗanonsu ɗaya, farashinsu ma sau da yawa ɗaya. Mutumin da zai iya ɗibar giram goma kacal daga buhun ya ce maka ga adadin da ke ciki, har ka yarda da maganarsa ka ciyar da iyalinka a kanta, shi ne nake son in yi bayaninsa. Ana ƙera shi ne a shekara guda, shekarar ƙarshe ta digirin kimiyyar sinadarai, kuma a ganina tana cikin horo mafi tsanani da tsabta da jami'a take bayarwa.

Yaron da ya tashi a Kilomita Biyar yana son wannan fanni, hanya biyu ce a gabansa. Ta kusa ita ce Jami'ar Bangui, wadda aka kafa a 1969, mai bin tsarin Faransa: digirin farko shekara uku, zango shida, ana ba da maki bisa ashirin. Goma shi ne tsallakewa, sha biyu da dama-dama, sha huɗu da kyau, sha shida kuwa da kyau ƙwarai. Binciken gaske a can ya fi ƙarfi a matakin digiri na biyu, kuma jami'ar tana da ɗakin binciken ruwa mai sunan Lavoisier, Bafaranshen da ake ɗauka uban kimiyyar sinadarai ta zamani. Kusancin nan bai zama sauƙi kullum ba. Bayan rikicin da ya ɓarke a ƙasar a 2013 da 2014, lokacin da unguwar ta zama a kewaye, fita zuwa makaranta kanta sai da ta zama kasada. Hanya ta biyu ita ce ta ƙasar kakanni, Nijeriya, wato Kano ko Zariya ko Sakkwato, inda ake bin tsarin da aka gada daga Ingila tun buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan. A wannan tsari ana kiran shekarar ƙarshen da nake magana a kai shekarar daraja. A Ostireliya da Afirka ta Kudu, shekara ce daban da ake ƙarawa bayan digirin shekara uku, sai wanda makinsa ya kai ake ɗauka. A Nijeriya an saka ta cikin digirin shekara huɗu, ita ce ɗalibai suke kira aji huɗu.

Kafin a kai can, sai an ci kwakwa. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da kemistiri da fiziks, sannan jarrabawar JAMB. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sa mafi ƙarancin yunit 120, wato ma'aunin nauyin darussa, kafin a ba mutum digirin shekara huɗu. Kowane darasi ana raba makinsa biyu, kashi 30 zuwa 40 na gwaje-gwajen cikin zango, saura na jarrabawar ƙarshe. Maki 70 zuwa sama shi ne A, mai lamba biyar; 60 zuwa 69 B, mai lamba huɗu; 50 zuwa 59 C, mai lamba uku; haka abin yake sauka. Ana ninka lambar da yunit ɗin darasi, a tara, a raba. Wanda matsakaicinsa ya kai 4.50 ya sami daraja ta ɗaya, daga 3.50 daraja ta biyu ta sama, daga 2.40 ta biyu ta ƙasa, daga 1.50 ta uku. A aji uku kuma ɗalibi yana fita wata shida zuwa masana'anta a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973. Wasu suna zuwa cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT da ke Basawa a Zariya, wasu matatar ruwa ta Tamburawa a Kano, wasu kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ko na Ashaka a Gombe, kowa da littafin da yake rubuta aikin kowace rana, shugaban sashe ya sa hannu.

Duk waɗannan shekaru uku, amsar kowace tambaya tana aljihun malami. Ko a ɗakin gwaji, wanda ya haɗa ruwan ya san ƙarfinsa, ɗalibi yana neman ya dace da abin da aka riga aka sani ne kawai. A aji huɗu ake ba shi furojek, aikin bincike na kansa, wanda a yawancin sassa yake ɗaukar yunit shida, a haɗa shi da malami mai duba aikin. Daga ranar babu amsa a aljihun kowa. Idan aka ce ya auna aidin a gishirin kasuwar Sabon Gari ko ta Kurmi, malaminsa ma bai san abin da zai fito ba. Lambar da ya rubuta ita ce za ta zama abin da aka sani.

Bari mu tsaya a kan wannan aikin na gishiri, domin a nan gwanintar take, kuma duk wanda ya ga an yi shi da kyau sau ɗaya ba zai sake raina farar rigar nan ba.

Aikin daga kasuwa yake farawa. Ɗaliba, mu ɗauka mace ce, domin mata sun yawaita a wannan fanni, ba za ta sayi ƙulli ɗaya a wajen mai gishirin bakin ƙofa ta koma ba. Za ta zagaya rumfuna da yawa, ta ɗebi na cikin leda a rufe, ta ɗebi na buɗaɗɗen daro da rana take duka tun safe, ta ɗebi na buhun da ya kwana a ƙasa mai danshi, domin rana da danshi da daɗewa suna rage aidin. Kowane samfur ta rufe shi, ta rubuta rana da wuri da yanayin ajiya. Idan ɗibar ta karkace, duk abin da zai biyo baya ya karkace, komai kyan na'ura.

A ɗakin gwaji sai ta auna giram goma daidai, ta narkar a tataccen ruwa mililita 50 cikin kwalba mai faɗin gindi da siririn wuya. Ruwan garau yake, ba ya nuna komai. Ta zuba ɗan asid, ta zuba ruwan wani gishirin aidin daban, nan take sai ya koma rawaya. Hikimar da ke nan abar sha'awa ce. Kowace ƙwayar aidin guda da ke cikin gishirin kasuwa tana janyo wasu biyar daga abin da aka zuba, su fito fili su shida. Wato an ninka abin da ake nema sau shida domin ya ishi a ƙirga, kamar mai kuɗin da bai kai a gani ba ya ranci biyar a kan kowane ɗaya, an san adadin rancen, za a cire shi wajen lissafi. Sai ta toshe kwalbar, ta sa a duhu minti goma. Toshewar don aidin yana tashi kamar turare ne, duhun kuwa don haske yana sa iska ta haifar da ƙarin aidin na ƙarya.

Sannan ta juya ga biuret, dogon bututun gilashi mai zane-zanen awo da ɗan famfo a ƙasa. Ta ɗauraye shi da ruwan da za ta zuba masa, kada ragowar ruwan wanki ya tsinka shi. Ta cika shi da ruwan tayosalfet, mai cinye aidin, ta buɗe famfon da ƙarfi sau ɗaya don ta kori kumfar iska da kan laɓe a bakinsa. Ta durƙusa har idonta ya yi daidai da saman ruwan, domin wanda ya karanta daga sama ko daga ƙasa ya karanta ƙarya. Hannun hagu a kan famfo, hannun dama yana juya kwalba ba tsayawa, farin tangaran a ƙarƙashi don launi ya fito. Rawayar ta fara koɗewa. Sai ta yi fari-fari kamar karan dawa busasshe, a lokacin ne kawai za ta zuba ruwan sitaci, ba kafin nan ba, domin idan aidin yana da yawa sitaci yakan riƙe shi gam ya ƙi saki, ƙarshen gwajin ya dagule. Da sitacin ya shiga, kwalbar sai ta rikiɗe ta zama shuɗi mai duhu, irin na turkuɗin da ya fito daga marinar Ƙofar Mata. Tun 1814 aka san wannan launi, shekara uku bayan Bernard Courtois ya gano aidin a tokar ciyawar teku, kuma har gobe ba a sami mai tona asirin aidin da sauƙi kamarsa ba.

Daga nan sai ɗigo-ɗigo. Ɗigo ɗaya, a juya, a duba. Shuɗin yana raguwa. Gwana takan kai inda za ta bar rabin ɗigo ya rataya a bakin bututu, ta taɓa shi da gefen kwalba, ta wanke shi ciki da tataccen ruwa. Sai ga ɗigon da yake sa launin ya ɓace gaba ɗaya, ruwa ya koma garau kamar ba a taɓa zuba masa komai ba. A nan take rufe famfo. Da ƙarfin ruwan da aka saba amfani da shi, kowane mililita ɗaya yana nufin kimanin miligiram 10.6 na aidin a kilo ɗaya na gishiri, ɗigo guda kuwa kusan rabin miligiram. Hukumar lafiya ta duniya tana son gishirin da ke kicin ɗin gida kada ya gaza miligiram 15 a kilo. Wannan bai kai mililita ɗaya da rabi a bututun ba. Ɗigo uku ko huɗu na ganganci sun isa su mai da gishirin da ya faɗi ya zama ya ci.

Shi ya sa ba a yarda da gwaji ɗaya. Za ta maimaita har sai ta sami sakamako biyu ko uku da bambancinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na mililita ba. Za ta kuma yi abin da ake kira gwajin wofi, wato ta bi dukkan matakan nan ba tare da gishiri ba, ta ga ko ruwanta ko asid ɗinta suna da abin da suke ƙarawa, ta cire. Ɗan kasuwar Kilomita Biyar zai gane wannan nan take, domin shi ma yana ɗora kwanon wofi a sikeli kafin ya zuba kaya. Kuma kamar yadda sikeli yake sauka da tsufa, ruwan tayosalfet yana raguwa da ƙarfi idan ya kwana biyu, saboda haka sai ta riƙa gwada shi da wani sinadari tsantsa da aka busar a tanda aka auna da kyau. Mai awo yana auna ma'auninsa kafin ya auna kayan mutane. Mu da aka yi wa kashedi a Suratul Muɗaffifina game da tauye mudu bai kamata wannan ɗabi'a ta zama baƙuwa a gare mu ba.

Akwai littafi kuma, wanda ni a wajena ya fi kundin furojek da ake ɗaurewa da bango mai kauri daraja. Littafin ɗakin gwaji ne, da biro ake rubuta shi, a lokacin da ake aikin, da kwanan wata. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta shi, ba a gogewa, ba a yage shafi. Ranar da aka ɗauke wuta tanda ta huce, a rubuta. Ranar da sakamako ya fito bambaraƙwai, a rubuta shi yadda ya fito.

To yaya ake auna wanda ya koyi awo? Tsarin ya ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ginshiƙansa sanannu ne. Da farko akwai taron ƙara wa juna sani, inda ɗalibi yake tsayawa gaban malaman sashe da abokan karatunsa ya faɗi abin da yake son yi da dalilinsa. Akwai makin malamin da ya duba aikin, wanda ya ga zuwansa da fashinsa da tsabtar teburinsa wata da watanni. Akwai kundin kansa, yawanci babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, kayan aiki da hanya, sakamako da tattaunawa, sai kammalawa. Sannan ranar kare aiki, gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a, wanda bai san ɗalibin ba, bai san iyayensa ba, ba ya jin nauyin kowa. Wannan al'adar ta mai jarrabawa na waje ita ce take sa daraja ta ɗaya ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta zama mudu ɗaya da ta Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Ibadan.

Tambayoyin gwanin mai jarrabawa ba su da tsawo. Me ya sa kika jinkirta sitaci? Sau nawa kika maimaita? Nawa gwajin wofi ya ba ki? Kin rubuta lamba huɗu bayan ɗigo, bututunki yana iya ganin haka? Wannan ta ƙarshe tana kayar da mutane da yawa, domin kwamfuta takan zubo lambobi rututu, sai ɗalibi ya kwafe su duka, ya yi da'awar sanin da kayan aikinsa ba su ba shi ba. Wanda ya tsaya a kan teburi da kansa yana amsa waɗannan cikin natsuwa, hannunsa ma har motsi yake kamar yana juya kwalba. Wanda aka yi wa aikin kuwa, a tambaya ta biyu yake fara zufa. Makin ma ba wasa ba ne. Samun A a darasi mai yunit shida lamba 30 ce, C kuwa 18. Ga wanda ya ɗauki yunit 150 a dukan karatunsa, wannan tazarar tana motsa matsakaici da 0.08, abin da ya isa ya haye da mai 3.45 zuwa daraja ta biyu ta sama, ko ya bar shi a ƙasa har abada.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da yake ci mini rai. Ana sayar da tsofaffin kundaye a shagunan buga takardu, a canza suna da shekara. Akwai masu dafa sakamako, su zauna a ɗakin kwana su ƙirƙiro lambobin da suka yi kama da gaskiya. Wani lokaci talauci ne yake tura su, domin sinadarai suna da tsada, sau da yawa ɗalibi ne yake saya da kuɗinsa, ya kuma biya kuɗin na'ura a wani wurin. Yajin aiki yakan katse bincike a tsakiya, samfur ya lalace kafin a dawo. Duk da haka uzurin bai wanke laifin ba, domin wannan ɗalibin ne gobe zai zauna a ɗakin gwajin hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ko na hukumar ruwa ya sa hannu a takarda.

Mun ga abin da sa hannun nan yake nufi. A 2008 maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya. A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara suka riƙa suma suna mutuwa, ana zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau, har sai da aka auna jininsu da ƙasar gidajensu aka ga dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Aƙalla yara 400 suka rasu. Awo ne ya faɗi sunan cutar, awo ne kuma ya nuna wace ƙasa za a kwashe. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, ta kuromiyam kuwa 0.05, kuma shekara da shekaru ɗaliban Kano suna ɗibar ruwan Challawa da na Jakara, inda majemu da masana'antun Sharaɗa da Bompai suke zubar da dagwalo, suna gwada shi da waɗannan iyakoki. Na'urar da ake auna ƙarafa da ita ta fi biuret tsada nesa ba kusa ba, amma tarbiyyar guda ce: ɗiba mai kyau, gwajin wofi, maimaitawa, da rubuta abin da aka gani.

Rijiyoyin Kilomita Biyar da gishirinta da kanwarta da man janta duk suna bukatar irin wannan hannu, kuma ya fi kyau ya zama hannun ɗan unguwa, wanda yake jin Hausa da Sango, wanda mai rumfa zai yarda ya buɗe masa buhu. Saboda haka kirana ga iyayenmu 'yan kasuwa, na Bangui da na Kano da na Maraɗi: idan ɗanku ko 'yarku ta kai aji huɗu ta zo neman kuɗin furojek, ku tambaye ta me za ta auna, ku ce ta nuna muku littafin ɗakin gwajinta. Ku biya kuɗin sinadarai da na na'ura, kada ku biya kuɗin kundin da wani ya rubuta. Idan kuma wata yarinya mai ɗauke da ƙananan ledoji da biro ta tsaya a rumfarku ta nemi cokali biyu na gishiri daga ƙasan buhu, ku ba ta, ku kuma roƙe ta ta dawo ta faɗa muku abin da ta samu.